Dish ɗaya, ɗakuna huɗu: Rikicin ƙarin waya a gidajen Yankwashi

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Daura, ya ratsa Kazaure ya shiga garuruwan Ƙaramar Hukumar Yankwashi, ba zai rasa ganin kwandunan satalayit ba, waɗanda kowa ke kira dish. Wasu na kan soro, wasu a jikin katanga, wasu an kafa musu turken ƙarfe a tsakar gida dab da rumbu. Haka abin yake a Karkarna, hedikwatar ƙaramar hukumar, haka kuma a Roni da Gwiwa da Babura.

Abin da ido bai cika kula da shi ba shi ne wayoyin da ke saukowa daga jikin kwandon. A wani gidan waya ɗaya ce tak ta sauko ta shige ɗaki. A wani gidan kuwa ɗaya ce ta sauko, amma kafin ta kai ƙasa an yanka ta, an ɗaura mata wani ɗan ƙarfe mai kama da akwatin ashana, ta rabu biyu ko uku, kowace ta nufi ƙofarta. A irin wannan gida ne ake yawan jin an aiki yaro ya je ya ce wa Inna ta daina canza tasha, an ɗauke wa Anti hoto.

Gidajen wannan yanki ba irin gidajen da kamfanonin ƙera kayan kallo suka yi tunani ba ne. Su gida mai falo ɗaya da talabijin ɗaya suka sani. A nan kuwa maigida na da turakarsa, uwargida na da ɗakinta, amarya na da nata, ga shagon samari a bakin zaure, ga kuma sashen ɗan da aka yi wa aure aka yanka masa wuri a cikin gida. Da zarar an kafa dish ɗaya, ba a daɗe ba sai maganar ƙarin waya ta taso. Yadda aka yi wannan ƙarin shi ke yanke hukuncin ko kowa zai kalli abin da yake so, ko kuwa ɗaki ɗaya zai zama mai mulkin sauran.

Daga gora zuwa kwando

Kafin a ƙirƙiri Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agustan 1991, wannan yanki a cikin Jihar Kano yake, kuma masu talabijin na wancan lokaci da eriya suke fafutukar kamo tashoshin Kano, wato NTA da CTV, wadda daga baya aka sauya wa suna zuwa ARTV. Ana ɗaura eriyar a kan dogon gora ko bututun ƙarfe, a sa yaro ya riƙa juyawa har sai an ce masa ya isa haka.

Wannan tarihi na da hannu a matsalar yau. Wayar eriya ana iya raba ta gida biyu ko uku ba tare da wata damuwa ba, illa dai hoton ya ɗan rage ƙarfi. Duk tashoshin da eriya ta kamo suna bin wayar ne a lokaci guda, kowace talabijin ta tsinci wadda take so. Har yanzu haka GOtv ke aiki, da kuma StarTimes mai eriya, domin daga hasumiyar ƙasa suke karɓar saƙo. Mutane da dama sun ɗauko wannan sani sun ɗora shi a kan dish, suna zaton waya dai waya ce.

Kwandon ya samu karɓuwa ne saboda tashoshin kyauta. Akwai tashar Alƙur'ani da ke nuna Harami kai tsaye daga Makka da takwararta ta Madina, akwai tashoshin MBC da masu finafinan Indiya, akwai tashoshin wa'azi da Hausa irin su Sunnah TV da Manara TV. Sai kuma Arewa24 da ta fara aiki a 2014, ta zo da Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, daga baya Labarina ya shigo. Daga nan talabijin ta tashi daga kayan maigida na jin labarai, ta koma abin da mata da yara ke tsara hidimar dare a kansa. Matar da ba ta cika fita ba, akwatin nan shi ne tagarta.

Za a iya cewa ai yanzu kowa na da wayar hannu, kuma yawancin finafinan Kannywood masu dogon zango suna YouTube. Gaskiya ne, amma data kuɗi ce, kuma a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100. Tashar kyauta ta dish kuwa, in an biya kuɗin kaya da na aiki sau ɗaya, an gama, sai dai neman wutar da za a kunna.

Ƙofofi huɗu, mabuɗi ɗaya

Domin a gane inda gizo ke saƙar, sai an san aikin ɗan abin nan da ke maƙale a ƙarshen hannun kwando, wanda masu sana'ar ke kira LNB, ko kuma kan dish. Taurarin da ke aiko da shirye-shirye suna can sama kimanin kilomita 36,000 a saitin tsakiyar duniya. Saƙon da ke isowa ƙasa ya riga ya galabaita. Kwandon yana tattara shi ne kawai ya cilla wa kan. Kan shi ne ke ƙara masa ƙarfi, ya sauko da shi daga zangon gigahaz 10.7 zuwa 12.75 ya mayar da shi tsakanin megahaz 950 da 2150, yadda zai iya bin waya ya isa ɗaki.

Sai dai waya ɗaya ba ta iya ɗaukar duk tashoshin tauraro a lokaci guda. Don haka aka kasa su kashi huɗu. Wasu tashoshin saƙonsu a tsaye yake zuwa, su ne ake ganin harafin V a gabansu idan an shiga wurin saiti. Wasu a kwance yake zuwa, masu harafin H ke nan. Kowane daga cikin biyun kuma yana da zangon ƙasa da zangon sama. Tamkar ɗaki ne mai ƙofofi huɗu, amma guda ɗaya ce ke buɗuwa a lokaci ɗaya.

Resiba ko dikodar da ke ɗaki ita ce ke riƙe da mabuɗi. Ta cikin wannan waya da ke kawo hoto take tura wa kan dish wutar da yake aiki da ita, domin ba shi da wata wuta tasa. Idan ta tura bolt 13, yana buɗe ƙofar V. Idan ta tura bolt 18, ya buɗe ta H. Idan kuma ta haɗa da wani siririn sauti mai kilohaz 22, sai ya haura zangon sama. Duk lokacin da aka danna rimot aka canza tasha, wannan zance ne ke gudana tsakanin ɗaki da rufin gida cikin ƙiftawar ido.

To, a ɗauki gida mai mata biyu da aka raba wa waya ɗaya da sifilita, wancan ɗan ƙarfe mai kama da akwatin ashana. Uwargida na son tafsiri a tashar da ke H, amarya na son fim a tashar da ke V. Resiba biyu na bai wa kai ɗaya umarni biyu masu karo da juna, shi kuma ɗaya kaɗai zai iya bi.

Abin da zai faru ya danganta da irin sifilitar. Akwai wadda baki ɗaya ne kawai ke wuce da wuta. Ɗakin da aka jona a wannan baki shi ne sarki: ƙofar da ya buɗe ita kowa zai bi, kuma idan mai ɗakin ta kashe resibarta ta kwanta, ko batirin solarta ya ƙare, kan dish ya rasa wuta, ɗaya ɗakin ma ya shiga duhu. Akwai kuma wadda duk bakunanta ke wuce da wuta. A nan mai ƙarfi ke cin mai rauni: bolt 18 na danne bolt 13, saboda haka duk wadda ke kallon tashar H ta kashe wa mai kallon V hoto, ba tare da ta sani ba. Haka ma sautin nan na kilohaz 22, in ɗaya ta tura shi, kan ya haura sama, wadda ke ƙasa ta ga allo ya rubuta babu sigina.

Wasu resibobin suna da baki na biyu a baya da ake zarce waya daga cikinsa zuwa wata resibar. Wannan ma hukuncinsa ɗaya ne, ta farkon ce ke jan ragama.

Akwai gidajen da za su rantse cewa sun shekara da sifilita ba su taɓa ganin matsala ba, kuma ba ƙarya suke yi ba. Idan duk tashoshin da mutanen gidan ke kallo sun dace suna ƙofa ɗaya, babu abin da zai haɗa su karo. Ranar da wata tasha ta sauya mazauni a kan tauraro, wanda kuwa tashoshin kyauta sun saba yi, ko kuma wani ya gano sabuwar tasha a wata ƙofar, ranar ce rigimar ke farawa.

Ba mugunta ba ce, waya ce

Abin takaici a nan shi ne yadda ake fassara lamarin a cikin gida. Babu mai tunanin bolt 13 da 18 a lokacin da hoto ya ɗauke ana tsakiyar shiri, alhali ga sautin talabijin na fitowa daga ɗakin da ke kallon nata. Abin da ke zuwa zuciya shi ne da gangan aka yi. Idan kuma aka gano cewa ɗaki ɗaya ne ke riƙe da wutar kan dish, sai tambaya ta koma kan maigida: me ya sa ita aka bai wa babban layi?

A gidan Bahaushe rabon kwana da na girki da na cefane abubuwa ne da ake ƙirgawa da idon basira, malamai kuma ba su gushe ba suna jan kunnen maza a kan adalci tsakanin mata. Maigidan da ya sayo talabijin biyu iri ɗaya, resiba biyu iri ɗaya, ya ga kamar ya sauke nauyi. Bai san cewa ɗan ƙarfen da mai haɗa dish ya ɗaure a jikin katanga ya riga ya fifita ɗaya a kan ɗaya ba. Shi ma mai aikin, sau da yawa ba zalunci ya nufa ba. An ce masa a yi abin da ya fi sauƙin kuɗi, ya yi.

Mafitar tana can sama a kan kwandon. Ana sayar da LNB mai baki biyu, da mai baki huɗu, har da mai takwas. Kowane baki yana aiki ne kamar shi kaɗai ne, yana karɓar wutarsa da umarninsa daga resibarsa, ba ruwansa da na kusa da shi. Sai a cire tsohon kai mai baki ɗaya a maye gurbinsa, sannan a ja wa kowane ɗaki wayarsa tun daga kwando har bayan resiba, ba yanka ba haɗi. Kwandon bai san adadin masu kallo ba, ƙarfin saƙon da ya tara ba ya raguwa don bakuna sun ƙaru.

Wannan hanya ta fi cin kuɗi, babu musu. Kan ya fi tsada, waya kuma ta ninka. Tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, duk kayan lantarkin da ake shigowa da su sun yi tashin gwauron zabo, kuma daga Kano ake sarin mafi yawansu, musamman Sabon Gari, kafin a ɗora kuɗin mota da ribar ɗan kasuwa. Amma wanda ya lissafa kuɗin kiran mai gyara sau uku a kan matsalar da ba ta gyaruwa, da kuma abin da ba a iya yi wa farashi na zaman lafiyar tsakar gida, zai ga araha ba ta yi ado ba. Mai ɗakuna biyu ma gara ya sayi mai baki huɗu, ya toshe biyun da kyau kada ruwa ya shiga, domin gidan da ke da samari bai gama girma ba.

Akwai wata hanyar mai sauƙi ga wanda ba ya neman kowa ya zaɓi tasharsa. Resiba ɗaya ce za a bari, a ɗauki hoton da ta fitar a raba wa talabijin biyu ko uku. Tsofaffin resibobi irin su Strong suna da bakin RF da aka yi domin haka, sababbin kuma ana raba su ta wayar HDMI. Wannan ya dace da mai shago da ke son talabijin ciki da waje, ko tsohuwar da abin da jikoki suka kunna shi za ta kalla. Amma duk gidan abu ɗaya zai gani, rimot kuma a hannu ɗaya yake. Wanda ya kai wannan tsari tsakanin kishiyoyi ya san abin da ya taro.

Idan tauraro ya wuce ɗaya

Lissafin na ƙara cakuɗewa a gidajen da ke kamo taurari da dama, kuma su ne mafi yawa a cikin masu kallon kyauta. Tashoshin Larabawa suna kan Nilesat da ke digiri 7 yamma da kuma Badr da ke digiri 26 gabas. Arewa24 ta kyauta an san ta a kan Eutelsat 16A, digiri 16 gabas. DStv kuwa daga digiri 36 gabas take zuwa. Shi ya sa a wannan yanki za a ga kwandon Nilesat ya fuskanci kudu maso yamma, na DStv ya karkata sosai zuwa gabas, dukansu kuma sun ɗaga kai sama saboda kusancin yankin da tsakiyar duniya.

Abin da ke haɗa kawuna biyu zuwa huɗu su bi waya ɗaya zuwa resiba shi ne wani ɗan makunni mai suna DiSEqC, wanda kamfanin Eutelsat ya ƙirƙiro tsarinsa, masu sana'ar kuma ke kira daisek. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a sa daisek ɗaya, sannan a raba wayar da ta fito daga cikinsa. Nan kuma gardamar ta ƙaru: ban da ƙofofi huɗu, yanzu har tauraron da za a kalla ma sai an yi jayayya a kansa.

Ƙa'idar ita ce kowane ɗaki da daisek ɗinsa. Gida mai ɗakuna uku da taurari biyu na buƙatar kawuna biyu masu baki huɗu huɗu, daisek uku, gajerun wayoyi shida daga kawunan zuwa daisek, da dogayen wayoyi uku zuwa ɗakuna. Idan gidan ya kai na gandu mai sassa goma, ko masauƙin baƙi, ko gidan haya irin na ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, akwai akwatin da aka yi musamman don rarraba saƙon ga ɗakuna masu yawa. A ƙauye dai, sau da yawa kafa kwando na biyu a ɗaya ɓangaren gidan ya fi sauƙi a kan jan waya mai nisa.

Wayar kanta

Ko an sa kan da ya dace, wayar banza na iya lalata aikin. Wadda aka yi domin wannan aiki ita ce RG6. A tsakiyarta akwai sili ɗaya, sai farin soso, sai takardar gwangwani da saƙar siraran wayoyi, sai rigar roba. A kasuwa kala-kala ce. Mai kyau silin jan ƙarfe ne zalla. Mai araha baƙin ƙarfe ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Gane su ba wuya: a kanga maganaɗisu, idan silin ya manne, ba jan ƙarfe zalla ba ne. A duba saƙar ma, idan ta yi shara-shara ana hango gwangwanin ta ko'ina, ba za ta tare hayaniyar lantarki ba. Mai sayen naɗi guda kuma ya tuna cewa yadi 100 bai kai mita 100 ba, kimanin mita 91 ne.

A gajeriyar tazara bambancin ba ya fitowa. A gidan ƙauye mai faɗi, inda daga kwando zuwa sashen ƙarshe zai kai mita 40 ko 50 idan an bi katanga an zagaye turken dabbobi, nan ne ake gane shi. Baƙin ƙarfe yana cinye wuta a hanya. Resiba ta tura bolt 18, amma abin da ya isa kan dish ya ragu ya kusanci 14, sai kan ya ɗauka V ake nema. Alamar wannan ciwo a bayyane take: tashoshin V na fitowa tas, na H sun ɓace, a ɗaki mafi nisa kaɗai. Mai gyaran da bai san haka ba zai hau ya yi ta juya kwando, ya ɓata wa sauran ɗakunan saitin da ke lafiya.

Kowane haɗi da aka yi a tsakiyar waya ɓarna ce. Sifilita mai baki biyu kaɗai tana zubar da fiye da rabin ƙarfin saƙon da kowane ɓangare zai samu. Mafi muni shi ne haɗin da ake yi da hannu, a fere waya biyu a murɗe su a naɗe da leda ko salatif. Yana iya aiki da rani. Da ruwan farko ya sauka, danshi ya bi saƙar ya shige ciki, ta yi tsatsa, tashoshi su fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Kuma in silin saƙa guda ɗaya ya taɓa na tsakiya, wutar ta haɗu, resiba ta ɗauke ko ta ƙone. Dalilin da ya sa ƙwararru ba sa ɗaura waya ko kwance ta sai sun zare resiba daga wuta ke nan.

Sai kuma abokan gaba na gida. Zafin bazara a kan rufin kwano yana gasa rigar waya har ta tsattsage, musamman fara wadda aka yi domin cikin ɗaki. Baƙa ta fi jure rana. Ɓeraye na gwaguyar wadda ta bi ta cikin rufi, awaki na taunar wadda ta yi ƙasa, yara na lilo da wadda ta ratsa tsakar gida, wani lokaci ma a wayi gari an shanya wanki a kanta. Wadda za a binne sai an zura ta a bututun roba. A ginin ƙasa kuma, ramin da aka huda domin shigar da waya hanyar ruwa ce idan ba a yi dabara ba. Ana huda shi ne ya gangaro waje, a bar wayar ta ɗan yi lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga, yadda ruwan da ya biyo ta zai ɗiga a waje maimakon ya jiƙa bango.

Damina da tsawa

Batun da ya wuce na kallo shi ne na rai. Kwandon ƙarfe ne a wuri mai tsayi, kuma kowace waya da aka ƙara hanya ce daga wannan ƙarfe zuwa ɗakin da mutane ke kwana. Ba sai aradu ta faɗo a kan kwandon ba. Ko a kusa ta sauka, doguwar waya na iya ɗaukar wutar da za ta ƙone resiba da talabijin a duk ɗakunan da ke haɗe. A ƙa'ida ana haɗa kwandon da saƙar wayoyin da wani ƙarfe da aka kafa a cikin ƙasa, domin wutar ta samu hanyar tsira. Kaɗan ne ke yin haka, domin ƙarin kuɗi ne a kan abin da ba a ganin amfaninsa sai ranar da aka buƙace shi. Mafi ƙarancin abin yi idan hadari ya haɗo shi ne a zare filogi, sannan a kwance wayar dish daga bayan resiba tun kafin a fara tsawa. Kashewa da rimot ba ya raba komai.

Akwai kuma matsalar da ta zo da zamanin da kowa ke da wutarsa. A gida ɗaya wani sashe na kan layin KEDCO, wani na kan janareta, wani na kan sola. Saƙar wayar dish ta haɗa jikin na'urorinsu gaba ɗaya ta can wurin kan. Idan wayarin wani ɗaki na da matsala, sai a riƙa jin ɗan jan wuta idan an taɓa bakin waya a wani ɗakin daban. Mutane kan ɗauki wannan a matsayin abin da aka saba. Alama ce da ke buƙatar mai gyaran lantarki.

Tsallaka katanga

Daga ɗakunan gida, waya kan tsallaka zuwa maƙwabta. Idan tashoshin kyauta ne, wannan zumunci ne kawai: maƙwabci ya sayi wayarsa da resibarsa, a ba shi baki ɗaya a jikin kan. Abin lura shi ne lungu. Wayar da ta ratsa hanya a sama, da kaka motar kaya ko amalanken shanu da aka labta wa kara za su iya fizgo ta, su karkatar da kwandon, gidaje biyu su rasa hoto a rana ɗaya.

Tashoshin kuɗi kuwa hukuncinsu daban. Ƙarin waya yana kai saƙo ne kawai, ba ya buɗe tasha. Kowace dikoda ta DStv ko StarTimes da rajistarta. MultiChoice na da tsarin XtraView da ke ba da damar haɗa dikoda har uku a kan biyan kuɗi ɗaya, da ƙarin wani kuɗi duk wata, da sharaɗin duk suna gida ɗaya. Bayan ƙarin farashin watan Maris na 2025, wanda ya kai tsarin Compact naira 19,000, Premium kuma naira 44,500 a wata, ba abin mamaki ba ne a ga masu son ƙwallon Ingila na neman yadda za su haɗa kuɗi su raba layi. Sai dai ɗaukar rajistar gida a rarraba wa gidajen unguwa ana karɓar kuɗi, ko a buɗe gidan kallo da ita, ya saɓa wa yarjejeniyar kamfani, kuma yana iya jawo hukunci a ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022. Masu gidajen kallo rajistar kasuwanci aka tanadar musu.

Sana'ar haɗa dish a garuruwa irin su Kazaure da Babura a hannun matasa take, yawancinsu a wurin ubangida suka koya, da ɗan mitar neman sigina da ƙaramar talabijin a jaka, a kan babur. Da yawansu sun ƙware wajen kamo tauraro fiye da yadda ake zato. Inda ake samun giɓi shi ne wurin ciniki. Maigida ya ce a ƙara waya, a yi masa sauƙi. Mai aiki na tsoron idan ya ambaci sabon kai da naɗin waya guda, za a ce tsada gare shi a kira wani. Sai a rabu a kan sifilita, kowa na murna, har daren da aka samu mai son tafsiri da mai son fim a lokaci ɗaya.

Akwai gwajin da maigida zai iya yi kafin ya sallami mai aiki, kuma bai fi minti biyar ba. A kunna duk talabijin ɗin gidan. A sa ɗaki ɗaya a tashar V, ɗaya a tashar H, sannan a musanya. Idan akwai taurari biyu, kowa ya hau nasa daban. A ƙarshe a zare resibar kowane ɗaki daga wuta bi da bi, ana duba ko hoton sauran ɗakunan yana nan.